RAGE TSAIKON KWAMFUTA A MANYAN MAKARANTU TA HANYAR FAIFAI MAI ZARUWA

Gabatarwa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, don kuwa bai wuce ɗan akwatin ƙarfe mai girman littafi ba. Amma matsalar da aka ƙago shi dominta babba ce. A yau da wuya a sami wani aiki a jami'a ko kwaleji wanda ba ya bi ta kan kwamfuta, tun daga rajistar ɗalibai da biyan kuɗin makaranta har zuwa rubuta kundin digiri da fitar da sakamako. A Nijeriya, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma da yawa daga cikin cibiyoyin da ake rubuta ta ɗakunan kwamfuta ne na manyan makarantu. Saboda haka duk kwamfutar da ta tsaya a irin wannan ɗaki, kujerar ɗalibi guda ce ta salwanta, har zuwa ranar da aka tashe ta.

Maganar da nake so ku tafi da ita guda ɗaya ce. Babu wanda ya isa ya hana na'ura lalacewa. Abin da ke hannun hukumar makaranta shi ne tsawon lokacin da kujerar nan za ta zauna ba kowa a kanta. Faifai mai zaruwa dabara ce ta gajarta wannan lokaci, ta hanyar raba aikin gyara da wurin zaman ɗalibi.

1. Ma'anar tsaiko da yadda ake auna shi

Abin da nake nufi da tsaiko shi ne dukan lokacin da ake bukatar kwamfuta ta yi aiki amma ta kasa, tun daga sa'ar da ta tsaya har zuwa sa'ar da aka sake zama a gabanta. Injiniyoyi suna auna wannan da lokuta biyu. Na farko shi ne matsakaicin lokacin da na'ura ke yi tana aiki lafiya kafin ta sami matsala. Na biyu kuwa shi ne matsakaicin lokacin da ake ɗauka kafin a mai da ita bakin aiki. Idan aka raba na farko da jimlar su biyun, abin da ya fito shi ne gwargwadon samuwar na'urar. A ce na'ura tana samuwa kashi 99 cikin 100 magana ce mai daɗin ji, amma in aka lissafa a shekara, fiye da kwana uku da rabi ke nan tana kwance.

Bari mu ƙaddara, don misali kawai, wani ɗaki mai kwamfuta 100. Kowacce takan yi kwana 60 na aiki kafin ta tsaya, gyara kuma yakan ci kwana 3, saboda sai an rubuta takarda, sai mai gyara ya sami sukuni ya zo, ya bincika, sa'an nan ya sake zuba manhaja. In aka raba 60 da 63 za a sami kashi 95 da ɗan kai, watau a kowace rana kwamfuta kusan 5 suna lulluɓe da ƙyalle. To, shugaban sashen yana da hanya biyu. Zai iya neman kuɗi ya sayo na'urori masu tsada waɗanda za su yi kwana 120 kafin su tsaya. Lissafi zai koma 120 a raba da 123, kashi 97 da rabi ke nan, har yanzu da sauran biyu ko uku a kwance. Ko kuwa ya bar na'urorinsa yadda suke, ya nemi dabarar da za ta mai da kwana ukun nan minti 15. In ranar aiki awa 8 ce, kwana 60 awa 480 ke nan, kuma 480 a raba da 480 da kwata ya haura kashi 99.9.

Kun ga ashe gajarta jira ya fi ninka ƙarkon na'ura riba nesa ba kusa ba. Direban motar haya ya daɗe da sanin wannan lissafi. In tayarsa ta yi faci a hanya, ba ya zaunar da fasinja a rana yana neman inda ƙusa ta shiga. Yakan ɗaura tayar ajiya ya wuce, in an isa gari ya miƙa wa mai faci wadda ta huje.

2. Abubuwan da ke tsai da kwamfuta

Dalilan tsaiko iri uku ne. Akwai na waje, irin su ɗaukewar wutar lantarki da yankewar hanyar sadarwa. Akwai na sauran kayan cikin na'ura, kamar akwatin rarraba wuta ko allon gani. Waɗannan biyun faifai mai zaruwa ba ya maganinsu, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Iri na uku shi ne faifan ajiya da abin da ke rubuce a kansa, kuma a nan maganarmu take.

Faifan ajiya shi ne rumbun kwamfuta. A kansa babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura take zaune, tare da manhajojin aiki da takardun da aka adana. Irin na gargajiya yana da fayafayai masu maganaɗisu a ciki, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai mai karatu da rubutu wanda ya yi kama da allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa faifan. Yana shawagi ne a kan iska, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Abu mai motsi haka dole wata rana ya gaji.

A shekarar 2007 an bayyana sakamakon manyan bincike biyu a kan wannan. Ma'aikatan kamfanin Google sun duba fayafayai fiye da 100,000 da kamfanin ke aiki da su, suka tarar a shekarar farko kashi 1.7 cikin 100 ke mutuwa, amma a cikin masu shekara uku abin ya kai kashi 8.6. Daɗin daɗawa, kashi 36 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba daga cikin alamun da faifai ke bayarwa game da lafiyarsa. Masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka kuma suka tarar cewa, ko da yake takardun masu ƙera fayafayai suna nuna mutuwar da ba ta kai kashi 1 a shekara ba, a wuraren aiki akan canja kashi 2 zuwa 4, a wasu wuraren ma har kashi 13.

To amma a ɗakin ɗalibai, yawancin lokaci faifan lafiyarsa ƙalau, abin da ke kansa ne ya rikice. Kwamfutar ofis mai ita ɗaya ne. Ta ɗakin ɗalibai kuwa rijiyar unguwa ce, kowa da gugarsa. Wannan ya goge abin da bai san amfaninsa ba, wancan ya zuba wasa, na ukun ya soka 'yar ma'ajiyarsa ta aljihu mai ɗauke da cuta. Tarihin ƙwayoyin cutar kwamfuta ma ya nuna cewa jami'o'i suna cikin wuraren da suka fara shan wahalarsu. Cutar da ake kira Brain, wadda aka rubuta a birnin Lahor na Pakistan a 1986, ta bayyana a Jami'ar Delaware ta Amurka a watan Oktoba na 1987. A watan Nuwamba na wannan shekara wata ta ɓulla a Jami'ar Lehigh, har aka sa mata sunan jami'ar. A ƙarshen shekarar kuma aka gano wata a Jami'ar Ibraniyawa ta Birnin Ƙudus. A watan Agusta na 2003 cutar Blaster ta faɗo daidai lokacin da ɗaliban Amurka ke komawa makaranta da kwamfutocinsu, ta hana ma'aikatan gyara na jami'o'i da yawa barci.

Ko faifan ne ya mutu, ko manhajar kansa ce ta ɓaci, magani ɗaya ne: a ba na'urar wani faifai mai lafiya. Tambaya ita ce, minti nawa wannan zai ɗauka?

3. Taƙaitaccen tarihi

Zare faifai daga jikin na'ura tsohuwar dabara ce. Faifan ajiya na farko da aka sayar, watau IBM 350 na shekarar 1956, yana da fayafayai 50 masu faɗin inci 24, yana ɗaukar haruffa miliyan 5, nauyinsa kuwa ya kai kimanin tan guda. Wannan ba ya zuwa ko'ina. A 1962 kamfanin ya fito da IBM 1311, na'ura mai girman injin wanki, wadda ake ɗaga murfinta a zaro curin fayafayai 6 masu faɗin inci 14, a sa wani curin. Kowane curi yana ɗaukar haruffa miliyan 2. A cibiyoyin kwamfuta na wancan zamani, ma'aikaci yakan jera irin waɗannan a kan kanta kamar kwanuka, ya ɗauko wanda aikin ranar ke bukata.

Abin da ya sauya al'amari shi ne ƙura. Yayin da aka matso da kan karatu kusa da faifai don a ƙara yawan abin da yake ɗauka, sai ya zamana ƙwayar ƙura guda tana iya ɓata shi. A 1973 IBM ta fito da samfurin 3340, wanda aka fi sani da Winchester, inda aka rufe fayafayai da kawunan karatu a cikin kwanso ɗaya. Daga nan masana'antar ta bi hanyar rufaffen faifai, sa'an nan aka ɗaure shi da kusoshi a cikin na'ura. A 1980 aka sami ST-506 mai ɗaukar megabait 5, na kamfanin da daga baya ya zama Seagate, a 1983 kuma kwamfutar IBM XT ta zo da faifai mai megabait 10 a cikinta. An sami aminci daga ƙura, amma an rasa sauƙin canjawa. Kamfanoni irin su SyQuest da Iomega sun yi ƙoƙarin dawo da faifan da ake zarewa cikin shekarun 1980 da 1990, suka ci kasuwa na ɗan lokaci, sa'an nan aka wuce su.

Abin da ya zauna a makarantu shi ne mafi sauƙin duka. An bar faifan a rufe yadda yake, aka sa shi dungurungum a cikin akwati mai shiga da fita kamar aljihun tebur. Cikin shekarun 1990 zuwa farkon 2000 wannan tsari ya yaɗu a ɗakunan koyar da kwamfuta na kwalejoji, musamman a Amurka da Turai.

4. Yadda tsarin ke aiki

Kayan aikin kashi biyu ne. Akwai gurbi, wanda ake ɗaurewa a gaban kwamfuta a ramin da aka saba sa na'urar karanta faifan CD, a haɗa masa wayar wuta da ta bayanai sau ɗaya tak. Akwai kuma akwati mai mariƙi, wanda faifan ke zaune a ciki. In an tura akwati cikin gurbi, haƙoran bayansa sukan shiga na gurbin. Yawanci akwai ɗan makulli, wanda a samfura da yawa yake aiki biyu: yana hana a zare akwatin, kuma sai an kulle shi wuta ke isa ga faifan.

Aikin gaske yana farawa ne a ɗakin gyara, tun kafin a buɗe makaranta. Mai gyara yakan ɗauki faifai guda ya zuba masa babbar manhaja da dukan manhajojin da malamai suka ce za a bukata a wannan zango, ya daidaita kome, ya gwada. Wannan shi ne faifan asali, kuma ba a sa shi a hannun ɗalibi. Daga gare shi ake kwafo sauran, ɗigo da ɗigo, ko dai da injin kwafi mai ramuka da yawa, ko da manhajar kwafi. Wadda ta yi suna a wannan aiki ita ce Ghost, wadda wani ƙaramin kamfani na birnin Auckland a ƙasar Niyuzilan ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Akwai kuma Clonezilla, wadda wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan ta fitar, ita kuwa kyauta ce. Akan kwafi adadin kwamfutocin ɗakin, a ƙara wasu na ajiya a kulle a kabad.

Ranar da kwamfuta ta tsaya ana tsakiyar darasi, mai kula da ɗaki ba ya bukatar ya san abin da ya same ta. Zai kashe ta, ya buɗe makulli, ya zare akwatin, ya tura na ajiya, ya kulle, ya kunna. In ta tashi, an gama, ɗalibi ya ci gaba da aikinsa. In ba ta tashi ba, an riga an san cewa matsalar ba a faifai take ba, wannan ma rabin bincike ne. Akwatin da aka zare sai a liƙa masa takarda mai lambar kwamfuta da kwanan wata, a aika da shi ɗakin gyara. A can mai gyara zai gwada shi a tsanake. In faifan lafiya yake, sai a wanke shi kamar yadda almajiri ke wanke allo, a sake kwafo masa na asali, ya koma kabad. In ya mutu, a cire shi daga akwatin a sa sabo.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, aikin gaggawa ya koma hannun wanda ba sai ya yi dogon karatu ba, ƙwararren mai gyara kuma, wanda a yawancin makarantu bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba, ya daina zirga-zirga tsakanin gine-gine da sukundireba a hannu. Na biyu, ana iya lissafa yawan na ajiya. A misalinmu na ɗazu, kwamfuta 100 da kowacce ke tsayawa sau ɗaya a kwana 60 za su ba da matsala kusan biyu a rana. In faifai yana kwana 3 a ɗakin gyara, to kullum akwai kimanin 5 a can. Na ajiya 8 ko 10 sun isa, tare da rarar ranar da abubuwa suka cakuɗe. Faifai 10 da akwatunansu kuwa sun fi kwamfuta 5 araha ƙwarai da gaske.

Akwai wata fa'ida da ta shafi koyarwa kai tsaye. Ɗalibin da ke koyon zuba babbar manhaja, ko kafa hanyar sadarwa, ko tsaron kwamfuta, ba zai iya koyo ba sai an bar shi ya ɓata ya gyara. In faifai a ɗaure yake, ajin safe zai bar wa ajin rana kufai. In kuwa kowane aji yana da nasa jerin akwatuna, masu koyon Linux za su zare nasu da ƙarfe goma sha biyu, masu koyon lissafin kuɗi su tura nasu mai Windows, ɗaki ɗaya ya yi aikin ɗakuna uku.

5. Sharuɗɗan da sai an cika su

A nan nake so ma'aikatan gwamnati su saurara da kyau, don yawancin sharuɗɗan a ofishin sayen kaya da sito ake cika su ko a karya su.

Sharaɗi na farko, kwamfutocin ɗaki su zama iri ɗaya. Faifan da aka shirya wa samfuri kaza ba lalle ne ya tashi a wani samfurin ba, saboda kowane samfuri da ƙananan manhajojin da ke sarrafa kayan cikinsa. In aka ba 'yan kwangila uku aikin kawo kwamfuta, kowa ya kawo irin da ya samu da araha, to sai an riƙe faifan asali uku da jerin na ajiya uku. Ya kamata a rubuta samfuri ɗaya a takardar kwangila, a kuma sa akwatuna da fayafayan ajiya a cikin kwangilar tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kada aikin kowa ya kwana a kan faifan ɗaki. Faifan da za a iya zarewa a wanke a kowace sa'a ba wurin ajiye kundin digiri ba ne. Dole a tanadar wa ɗalibai wani wuri, ko a babbar kwamfuta mai rabawa wadda ake kira uwar garke, ko a ma'ajiyarsu ta aljihu, kuma a rubuta wannan doka da manyan haruffa a bango.

Na uku, a riƙa sabunta faifan asali da na ajiya. Faifan da ya yi wata shida a kabad bai sami gyare-gyaren tsaro na wata shida ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan kowace kwamfuta tana bukatar sunanta na kanta a hanyar sadarwa, don haka sai an shirya kwafin yadda zai ɗauki sabon suna idan ya tashi. Lasisin manhaja ma sai an sayi irin wanda ya halatta wa makaranta ta kwafa da yawa.

Na huɗu, littafin shiga da fita. Kowane akwati da lambarsa, kowane motsi da sa hannu. Wannan littafi shi zai gamsar da mai binciken kaya, shi ne kuma zai nuna wa shugaban sashe cewa kwamfuta mai lamba kaza ta ci faifai uku a wata guda, watau cutarta a wani wuri take.

6. Hatsarorin dabarar

Abin da ke da sauƙin zarewa ga ma'aikaci yana da sauƙin zarewa ga ɓarawo. Makullan irin waɗannan akwatuna sau da yawa iri ɗaya ne, mabuɗi guda yana buɗe su duka. Hasarar faifai ƙarama ce in aka kwatanta da abin da ke kansa. A 2003 wasu ɗalibai biyu na babbar cibiyar fasaha ta MIT a Amurka sun bayyana cewa sun sayi tsofaffin fayafayai 158 a kasuwa, 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata, har suka tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000. Saboda haka kwamfutocin ofishin jarrabawa da na albashi ba a yi musu irin tsarin ɗakin ɗalibai, sai an kulle abin da ke kan faifansu da rubutun sirri.

Haƙoran haɗi ma suna cinyewa. Mahaɗin SATA na cikin kwamfuta, wanda ya fara yaɗuwa daga 2003, an tsara shi ne don a soka a zare kamar sau 50, alhali ɗan'uwansa na waje, eSATA, an tsara shi don sau 5,000. Wannan shi ne dalilin da ya sa akwati mai nasa haƙoran masu ƙarfi ya fi tura tsiraran faifai cikin rami kullum. Har ila yau, faifai mai juyawa ba ya son faɗuwa, kuma bai kamata a zare shi ba sai ya gama tsayawa. A ƙasashenmu akwai ƙarin abu biyu lokacin hunturu: ƙurar da ke toshe 'yar fankar gurbi har faifai ya yi zafi, da wutar da ke taruwa a jikin mutum saboda bushewar iska, irin wadda kan ɗan ja shi in ya taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wuta ta isa ta ƙona kayan lantarkin faifai, shi ya sa ake ɗaukarsa a cikin akwatinsa.

7. Matsayin dabarar a yau

Zamani ya rage wa faifai mai zaruwa kasuwa a ɗakunan ɗalibai. Sababbin ma'ajiyoyi marasa motsi, waɗanda ake kira SSD, sun fi jure jijjiga, da yawansu kuma ba su wuce girman yatsa biyu ba, ana liƙa su a allon cikin na'ura, a wasu kwamfutocin hannu ma narke su ake yi a jiki. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar wani guntun tsaro a cikin kwamfuta, kuma faifan da aka kulle da mabuɗin wannan guntu ba ya buɗewa a wata na'ura sai an kawo mabuɗin ceto. Bugu da ƙari, an sami wasu hanyoyin cim ma manufa ɗaya. Ana iya tura kwafin asali ta waya zuwa kwamfuta ɗari cikin dare guda. Akwai manhaja irin Deep Freeze ta kamfanin Faronics na Kanada, wadda ke shafe duk abin da ɗalibi ya yi da zarar an kashe na'ura an kunna. Akwai kuma tsarin da kome ke gudana a uwar garke, abin da ke gaban ɗalibi allo ne kawai da madannai.

Sai dai kowace daga cikin waɗannan tana da abin da ta dogara a kansa. Turawa ta waya da zaman kome a uwar garke suna bukatar hanyar sadarwa mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Manhajar shafewa kuwa ba ta tayar da faifan da ya mutu. Makarantar da ba ta da tabbacin waɗannan, kabad mai faifai goma a shirye yana nan da amfaninsa gare ta, balle a ranar jarrabawa.

Sa'an nan wata sabuwar bukata ta taso. Akwai 'yan fashin da ke shiga kwamfutocin hukuma ta intanet, su kulle bayanai, su nemi kuɗin fansa. Ranar 23 ga Disamba, 2019, aka yi wa Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan haka. Maharan sun kulle manyan kwamfutoci 267, har da wasu daga cikin waɗanda ake ajiye kwafin bayanai a kansu, don su ma a haɗe suke da hanyar sadarwa. Jami'ar ta biya kusan Yuro 200,000. A watan Yuni na 2020 Jami'ar Kalifoniya reshen San Francisco ta biya dala miliyan 1.14. Faifan da aka kwafi bayanai a kansa aka zare aka kulle a wani gini dabam, babu ɗan fashin intanet da hannunsa zai kai gare shi. Ke nan akwatin da aka yi don gaggauta gyara ya sami aiki na biyu a ofishin rajista da na ma'aji.

Kammalawa

Jama'a, abin da zan roƙi kowane shugaban sashe ya yi in ya koma shi ne ya buɗe littafi na zango ɗaya, ya riƙa rubuta sa'ar da kowace kwamfuta ta tsaya, da sa'ar da ta tashi, da abin da ya same ta. A ƙarshen zango ya ware awoyin da aka yi ana gyara da awoyin da aka yi ana jira. In wuta ce ke cin mafi yawan lokacinsa, kuɗinsa ya tafi wajen batir da hasken rana. In kuwa faifai ne da manhaja, to ya san adadin na ajiyar da zai sa a kasafin kuɗin baɗi, da dalilin da zai kare shi a gaban kwamiti. Ku kuma ɗalibai, naku aikin shi ne ku ajiye kwafin aikinku a wuri biyu, ku kuma sanar da mai kula da ɗaki da zarar kwamfuta ta tsaya, maimakon ku matsa kujera ta gaba ku yi shiru, domin agogon tsaiko ya fara bugawa tun kafin kowa ya kai rahoto.